Babi na Huɗu: Tarke a Kan Aikin Matasa 'Yan Sa-kai Wajen Kare Ƙasa da Ruwa a Majiya da Maraɗi

4.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai yi tarke ne a kan aikin da matasa masu fara aiki, musamman baƙi 'yan sa-kai, suka yi wajen kare ƙasa da ruwa da wayar da kan manoma a wurare biyu na ƙasar Hausa ta Jamhuriyar Nijar, wato kwarin Majiya da ke jihar Tawa da kuma ƙasar Maraɗi, daga shekarar 1974 zuwa ta 1999. An zaɓi waɗannan wurare ne saboda labarinsu ya yi fice a rubuce har ya zama abin buga misali. Paul Harrison ya sanya Majiya a jerin ayyukan da suka ci nasara a Afirka cikin littafinsa The Greening of Africa na shekarar 1987, shi kuma Tony Rinaudo ya ba da tarihin rayuwarsa da na aikin Maraɗi cikin The Forest Underground na shekarar 2021.

Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, ma'aunin da aka saba auna irin wannan aiki da shi, wato ƙidayar itatuwan da aka dasa da tsawon shingen da aka ja, bai isa ya nuna nasara ko rashinta ba. Abin da ya fi cancanta a duba shi ne abin da ya rage a hannun manomi bayan baƙo ya naɗe tabarmarsa, da kuma amsar wata tambaya wadda manomi kan yi a zuci tun ranar farko: wannan itacen na wane ne?

4.1 Ƙasar Gulbi da Yanayin Majiya

A wannan nazari, ƙasar gulbi tana nufin duk faɗin ƙasar da ruwan saman da ya sauka a kanta yake gangarawa ya taru a gulbi ɗaya, tun daga kan tudu da gangare da koramu har zuwa fadama. Muhimmancin wannan ma'ana shi ne, ɓarnar da aka yi a sama na ƙasa ne ke shan wahalarta. Idan aka sare itatuwan tudu, wurin ya zama faƙo, ruwa ba ya samun abin da zai riƙe shi, sai ya sauko da ƙarfi ya yanka kwazazzabai a gonaki, ya kwaso yashi ya zuba a fadama.

Gulbin Majiya ya taso ne daga duwatsun Adar, ya ratsa ƙasar Buza, ya gangaro ƙasar Ƙonni inda madatsun ruwa na Mozage da Zango suke tare shi domin noman rani, sannan ya tsallaka iyaka ya ƙare a tafkin Kalmalo kusa da Illela ta jihar Sakkwato. Shi ya sa yake cikin ruwaye huɗu waɗanda Nijeriya da Nijar suka ƙulla yarjejeniya a kansu a Maiduguri cikin shekarar 1990. Kwarin yana da ƙasa mai albarka, kuma ruwa ba shi da zurfi a ƙarƙashinta. To amma a lokacin farin da aka yi daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974 itatuwa sun yi ƙaranci ƙwarai, iskar hunturu ta riƙa kwashe ƙasar sama, guguwar farkon damina kuma ta riƙa binne gero yana ɗan tsiro, har sai manomi ya maimaita shuka kafin ta kama.

4.2 Matsayin Ɗan Sa-kai

Matasan da ake magana a kansu iri biyu ne. Na farko su ne 'yan ƙungiyar Peace Corps ta Amurka, wadda Shugaba Kennedy ya kafa a shekarar 1961, ta shiga Nijar a 1962, ta kuma janye a watan Janairu na 2011 saboda rashin tsaro. Galibinsu sababbin kammala jami'a ne, akan horar da su 'yan watanni a kan harshe da aiki, sannan a tura su ƙauye su yi shekara biyu. Na biyu su ne ma'aikatan ƙungiyoyin mishan, irin su SIM, wadda a ƙarƙashinta Rinaudo ya zo Maraɗi daga Ostireliya a shekarar 1981 da ilmin aikin gona, yana da shekara ashirin da 'yan kai.

Irin wannan ma'aikaci yana da wata dama wadda ma'aikacin gwamnati ba shi da ita. Ba ya karɓar haraji, ba ya cin tarar kowa, yana kwana cikin gari, yana cin tuwon gari, don haka manomi kan sake jiki ya gaya masa abin da ba zai gaya wa malamin daji mai kaki ba. Bugu da ƙari, kasancewarsa baƙo takan buɗe masa ƙofofin ofisoshin Yamai waɗanda talaka ba ya ko kusantarsu. Amma rauninsa ma daga nan yake. Bai san gonar da take ta gado ba da wadda take ta aro ko jingina, bai san tsohuwar rigimar da ke tsakanin unguwa da unguwa ba, kuma kafin ya gama sani lokacinsa ya ƙare. Masu iya magana sun ce, baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A kan wannan karin magana ne za a ɗora sauran tarken.

4.3 Shingen Itatuwa na Majiya

A shekarar 1974 malamin daji mai kula da Buza, Dauda Adamu, da wani ɗan sa-kai na Peace Corps mai suna Don Atkinson-Adams suka nemi taimakon ƙungiyar CARE domin a ja shingayen itatuwa a kwarin. An fara dashe a 1975 a wajen Garadume. Tsarin aikin shi ne, a dasa dogon yaro layi biyu-biyu a gicciye da hanyar iska, a bar tazarar kimanin mita 100 tsakanin shinge da shinge, daga baya kuma aka riƙa haɗawa da bagaruwa. Ma'aikatar daji ce ke rainon dashe, mutanen gari su haƙa ramuka su dasa, a ɗauki masu gadi a biya su domin hana dabbobi shiga har itatuwan su fi ƙarfin akuya. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tsawon shingayen ya haura kilomita 400, binciken da aka yi kuma ya nuna ƙarin amfanin gero na kashi 15 zuwa 23 cikin 100 a gonakin da shingen ya kare.

Babu shakka wannan aiki ya cancanci yabo, kuma yabon farko na yadda aka faro shi ne. Tunanin ya fito ne daga cikin kwarin, daga ma'aikacin da ya san wurin, shi kuma saurayin baƙo ya yi abin da ya fi iyawa, wato ya zama tsani tsakanin ma'aikacin ƙasa da masu kuɗi na waje. Haka kuma matsalar da aka tunkara matsala ce wadda manoma da kansu suke kuka da ita, ba a ƙaƙaba masu ita daga ofis ba.

4.4 Naƙasun Aikin Majiya

Duk da haka, idan aka ajiye ƙidaya gefe guda, za a ga naƙasu guda huɗu.

Na farko shi ne batun mallaka. An dasa itatuwa a gonakin mutane ba tare da an yanke maganar wanda zai ci amfanin iccen ba. Manomin da layi ya bi ta gonarsa ya yi asarar wurin shuka, inuwa da saiwa suka rage masa amfani a gindin shingen, alhali maƙwabcinsa na tsakiya ya sami kariya a ɓagas. Sai a tsakiyar shekarun 1980, da itatuwa suka isa sara, aka zauna neman yadda za a raba tsakanin mai gona da jama'ar gari. Wato tambayar da ta kamata ta zo kafin haƙa rami ta zo ne bayan kusan shekara goma. A lissafin wa'adin shekara biyu-biyu, 'yan sa-kai sahu biyar ke nan za su iya zuwa su wuce, kowane ya bar wa na bayansa wannan ƙulli.

Na biyu shi ne batun dabbobi. Hana kiwo a kwarin ya faɗa ne a kan waɗanda ba su da babbar murya a dandalin gari, wato makiyaya waɗanda suka saba cin karan gonaki bayan girbi, da mata waɗanda awaki su ne jarinsu. Rahoton da ya ƙidaya buhunan gero kawai ba zai nuna wannan asara ba, domin akuyar mace ba ta shiga lissafinsa.

Na uku, shinge aiki ne wanda manomi ɗaya ba zai iya yi shi kaɗai ba. Layi ɗaya yakan ratsa gonaki masu yawa, yana bukatar wurin rainon dashe da ban ruwa da mota da albashin mai gadi. Ga shi kuma dogon yaro ya yi kyau a Majiya ne saboda kusancin ruwan ƙasa, abin da ba kowane wuri ke da shi ba. Don haka kafa Majiya a matsayin misali ga dukkan ƙasashen bakin hamada yana da gyara.

Na huɗu, shinge maganin iska ne a cikin kwari, alhali ciwon ƙasar gulbi daga tudu yake farawa. Wannan ɓangare sai wasu ayyuka suka tunkare shi, kamar aikin Kaita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da kulawar hukumar FAO, inda aka yi kunyoyin duwatsu da ramukan tare ruwa a gangare, mafi yawan ma'aikatan kuma mata ne domin maza sun tafi cin rani. Akwai kuma tassa, wato ramukan shuka da ake zuba wa taki, wadda ta bazu a ƙasar Ilela ta jihar Tawa bayan an kai wasu manoma sun gani da idonsu a Yatenga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980. Abin lura a nan shi ne, tassa ta yaɗu daga manomi zuwa manomi, domin fartanya da taki kawai take bukata, kuma amfanin na mai gona ne.

4.5 Sassaben Zamani a Maraɗi

Aikin Maraɗi ya fara ne da irin tunanin Majiya, wato raino da dashe, sai dai a nan jigawa ce, mafi yawan dashen rana da awaki da gara suka cinye shi. A shekarar 1983 ne Rinaudo ya lura cewa 'yan kurmin da ke warwatse a gonaki, waɗanda ake sarewa a ƙone kowace bazara, toho ne na kututturan itatuwa masu rai, irin su kalgo da sabara, masu tsohuwar saiwa a ƙasa. Dabarar da ta fito daga wannan lura mai sauƙi ce: a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture a bar su, a datse sauran, a riƙa yi masu aski suna girma. Ita ce aka sa wa suna sassaben zamani.

Da farko manoma 'yan ƙalilan ne suka yarda, kuma sun sha dariya, domin a wancan lokaci gona mai tsabta ita ce shaidar manomin kirki. Da yunwar 1984 ta zo, wadda mutanen Nijar suke kira El-Buhari saboda ta dace da rufe iyakar Nijeriya, sai aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona. Ta haka aka raya itatuwa kimanin 500,000, amma da abinci ya tsaya sai aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Wannan ya nuna a fili cewa yardar da aka samu da buhun hatsi zanen aro ce, ba ta rufe katara. Waɗanda suka bar nasu kuwa, da suka ga makamashi da harawa da raguwar iska a gonakinsu, su ne suka zama masu wayar da kan maƙwabtansu ba tare da an biya su ba.

Akwai abubuwa biyu da wannan labari ke koyarwa game da mai fara aiki. Na ɗaya, shekara biyu na farkon Rinaudo shekarun faɗuwa ne. Da wa'adinsa irin na Peace Corps ne, da ya koma gida da labarin matattun dashe. Ya kai ga abin da ya kai ne domin ya zauna har 1999, ya ji Hausa, ya daina zama raɓa. Na biyu, babban abin da ya hana manomi barin itace shi ne doka. Tun daga dokar daji ta Faransa ta 1935 har zuwa ta Nijar ta 1974, itatuwa masu daraja irin su gawo suna ƙarƙashin ikon hukuma ne, mai gona ba ya sara sai da izni, in ya sara a ci shi tara. Mai hankali kuwa ba ya rainon abin da zai jawo masa tara, gara ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. Sai da malaman daji suka sassauta, manomi ya tabbata iccen nasa ne, sannan dabarar ta kama. An sake dokar daji a 2004, a 2020 kuma hukuma ta fitar da doka ta musamman a kan wannan dabara.

4.6 Matsalar Tauraro Guda

A nan ne tarken ya komo kan yadda ake ba da labarin. Binciken da masana irin su Chris Reij da Mahamane Larwanou da Gray Tappan suka yi a shekarun 2000, inda aka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, ya nuna cewa itatuwa sun dawo a gonaki masu faɗin kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, yawansu kuma ya kai kimanin miliyan 200. Sau da yawa akan ɗauki wannan adadi dungurungum a jingina shi ga mutum ɗaya da rana ɗaya, musamman bayan Rinaudo ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Labari mai tauraro guda yana da daɗin ji, yana kuma sauƙaƙa neman taimako a ƙasashen waje, amma ya taƙaita gaskiya.

Dalili kuwa shi ne, babban kaso na wannan faɗi, kimanin hekta miliyan 1, yana ƙasar Damagaram ne, a Magarya da Matamai da Mirya, inda manoma suka raya gawo bisa sanin da suka gada. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, gindinsa ya fi ko'ina albarka, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. An ruwaito cewa tun kafin zuwan Turawa sarakunan Damagaram suna hukunta mai saran gawo. Har ila yau, ruwan sama ya ɗan farfaɗo bayan shekarun 1980, ikon malaman daji kuma ya yi sanyi bayan rasuwar Shugaba Kunce a 1987. Duk waɗannan suna da hannu cikin nasarar. Haka kuma samarin ƙasa, wato ƙananan malaman daji da malaman gona da 'yan samariya waɗanda suka yi yawon ƙauyuka, su ma masu fara aiki ne, amma da wuya a ji sunan ɗaya daga cikinsu. Wannan bai rage darajar abin da baƙon ya yi ba. Abin da ya nuna shi ne, gudummawarsa ta haƙiƙa ita ce gani da naci da kuma tsayawa tsakanin manomi da hukuma, daji kuwa manoma ne suka tayar da shi.

4.7 Harshen Wayar da Kai

Sunan sassaben zamani ya cancanci a tsaya a kansa, domin a cikinsa akwai dabarar faɗakarwa. Sassabe aiki ne da kowane manomi ya sani, yana yin sa kafin damina. Da an ce masa ya daina sassabe, da an yi masa hani irin na hukuma, kuma da an taɓa mutuncinsa na mai gona mai tsabta. Da aka ƙara kalmar zamani sai maganar ta koma gyaran aikin da ya riga ya iya, mai yin sa kuma ya zama wayayye maimakon rago. Wannan ya fi dogon jawabi a kan gurgusowar hamada tasiri, domin manomi ba ya noma hamada, gonarsa yake nomawa.

Sai dai sunan yana da nasa aibi. Kalmar zamani tana sa a ɗauka cewa abin sabo ne daga waje, alhali barin itace a gona tsohuwar al'ada ce wadda doka da fari da koyarwar malaman gona na baya suka danne. Sunan da ya taimaka wajen yaɗa dabarar shi ne kuma ya taimaka wajen ɓoye asalinta. Idan aka kwatanta da tassa, wadda ta riƙe sunanta na gida, za a ga cewa kalmar da mai wayar da kai ya zaɓa tana yanke hukunci a kan wanda za a ce shi ne mai abin.

4.8 Naɗewa

A wannan babi an duba ayyuka biyu waɗanda matasa suka taka rawa wajen faro su. A Majiya an ga aiki mai tsari da kyan gani, wanda ya ƙara amfanin gona, amma ya jinkirta maganar mallaka, ya ɗora nauyi a kan mata da makiyaya, ya kuma dogara ga kuɗin waje. A Maraɗi an ga aiki wanda ya fara da faɗuwa, ya sake tuntuɓe a kan rabon abinci, amma ya ɗore saboda ba ya bukatar komai sai wuƙa da tabbacin cewa iccen na mai gona ne.

Saboda haka ana iya cewa, ribar mai fara aiki a ƙasar gulbi tana cikin abubuwa uku: ya zauna har ya san wurin, ya nemi amsar tambayar mallaka kafin ya haƙa rami, ya kuma kira makiyayi da mace da mutumin tudu zuwa wurin shawara tare da mai gonar fadama. Wannan darasi ya shafi masu yi wa ƙasa hidima a Nijeriya, waɗanda tun kafa shirin a 1973 wa'adinsu shekara ɗaya ne kacal, wato rabin na Peace Corps. Duk hukumar da za ta tura irin waɗannan matasa aikin dashe da faɗakarwa, wajibi ne ta haɗa kowane da ma'aikacin wurin wanda zai ci gaba bayansa, ta kuma auna aikinsa da itatuwan da suke tsaye bayan shekara biyar, domin na ranar biki kowa ma yana iya dasa su. Babi na biyar zai kawo taƙaitawa da shawarwari.